Yadda Ake Haɗa Kayan Gyaran Fata da Gashi Daga Abin da Ke Cikin Kicin

Zuma, sukari, man girki, yogot, hatsin ots da ruwan khal (wato binega) suna iya yi wa fata da gashi aiki na gaske, amma aikin nasu yana da iyaka. Abin da suke iyawa shi ne su tausasa fata, su riƙe mata danshi, su ɗauke datti da matacciyar fatar sama a hankali, su kuma rage karyewar gashi. Ba sa sauya launin da aka halicci mutum da shi, ba sa goge tabon da ya shekara cikin mako guda, kuma ba sa sa gashi ya tsiro fiye da ƙa'idarsa. Wanda ya shiga harkar da wannan fahimta zai sami biyan buƙata da kayan da ke gabansa. Wanda kuwa ya shiga da ɗokin ganin sauyi cikin kwana uku, shi ne yakan ƙara ƙarfin haɗi, ya ƙara tsawon lokacin da yake barinsa a fuska, har ya jawo wa kansa matsalar da ba shi da ita tun farko.

Akwai zaton da ya kamata a kawar tun daga nan, wato cewa duk abin da ake ci ba zai cutar da fata ba. An halicci ciki ne don ya jure tsami mai ƙarfi ya narkar da abinci, ita kuwa fata aikinta ta tsare ruwan jiki kada ya tsere, ta kuma hana abin waje shiga. Saman fata yana da tsari irin na ginin bulo: matattun ƙwayoyin fata su ne bulon, wani siririn maiƙo da jiki ke samarwa kuma shi ne simintin da ke riƙe su. Duk abin da ya wanke wannan maiƙo ko ya narkar da shi, ya buɗe wa bushewa da ƙaiƙayi da ƙuraje ƙofa. Ban da haka, saman fata yana da ɗan tsami na halitta. A ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14 kuma ruwa tsantsa yake tsakiya a kan 7, lafiyayyar fata tana tsakanin 4.5 da 5.5. Abin da ke ƙasa da 7 mai tsami ne, na sama da 7 kuma yana da ɗabi'ar kanwa, sannan kowane mataki ɗaya a ma'aunin yana nufin ninki goma. Wannan ɗan lissafi shi ne zai raba mana kayan da suka dace da waɗanda ya kamata a bar su a tukunya.

Shiri kafin a haɗa komai

Kayan shafa na kamfani suna ɗauke da sinadaran hana lalacewa, na gida kuwa ba su da su. Saboda haka duk haɗin da ruwa, madara, yogot, ƙwai ko 'ya'yan itace suka shiga cikinsa, abinci ne a wurin ƙwayoyin cuta, kuma zai lalace da saurin da abinci ke lalacewa. A riƙa haɗa daidai abin da za a yi amfani da shi a zama ɗaya, a zubar da ragowar ba tare da jin asara ba. A wanke hannu da sabulu, a wanke kwano da cokali a bar su su bushe sarai, kuma ya fi kyau a ware ƙaramin kwanon tangaran ko na gilashi don wannan aiki kaɗai. Awon da za a yi amfani da shi a nan shi ne na girki: cokalin shayi mililita 5 ne, babban cokali mililita 15, kofi kuma kimanin mililita 240.

Sai gwaji. Kafin sabon abu ya hau fuska ko fatar kai, a shafa kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, a bar shi na tsawon lokacin da za a bar shi a fuska, sannan a wanke. Ba kowane rashin jituwa ne ke bayyana nan take ba, wani sai bayan kwana biyu ko uku yake fitowa, shi ya sa likitocin fata suke ba da shawarar a maimaita gwajin sau biyu a rana har kwana 7 zuwa 10. Ja, ƙaiƙayi, kumburi ko ƙananan ƙuraje duk alamu ne na a daina. A fata mai duhu jan ba ya fitowa fili, don haka a fi lura da ƙaiƙayi, kaushi, ɗumin wurin, ko wurin ya ƙara duhu. Wanda ya san jikinsa ba ya karɓar wani abinci, kamar madara, ƙwai ko gyaɗa, kada ya shafa shi ma.

Hatsin ots

Idan za a zaɓi abu guda a kicin wanda amfaninsa ga fata ya fi tabbata, to ots ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da lallausan garinsa a matsayin abin kare fata tun 2003, kuma yana cikin mayuka da dama da ake sayarwa don masu bushewar fata da ƙaiƙayi. Yana ɗauke da sitaci da wani sinadari mai yauƙi da ake kira beta-gulukan, waɗanda ke shimfiɗa siririn rufi a kan fata su riƙe ruwa. Yana da wasu sinadaran da ke lafar da ƙaiƙayi, yana kuma da ɗan abin da ke wanke datti ba tare da kwashe maiƙon fata ba.

Sirrin yana wajen niƙa. A sami ots zalla wanda ba a sa masa sukari, madara ko ƙamshi ba, a zuba kofi ɗaya a busasshiyar bilenda, a niƙa har ya zama gari mai laushi, sannan a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido, a mayar da tsakin a sake niƙawa. Ana gane ya niƙu ne ta hanyar zuba babban cokali ɗaya a kofin gilashi mai ruwan ɗumi a juya. Idan ruwan ya koma fari kamar madara, kuma aka ji santsi in an murza shi tsakanin yatsa biyu, to ya yi. Idan kuwa garin ya tafi ƙasa ya kwanta, ruwan ya tsaya garau a sama, to da sauran niƙa. Busasshen garin yana iya yin makonni a kwalba mai murfi matuƙar ruwa bai taɓa shi ba.

Don wanke fuska, a zuba cokalin shayi ɗaya a tafin hannu, a ɗiga ruwan ɗumi har ya yi kauri, a jira kamar minti ɗaya ya jiƙa, sannan a shafa a jiƙaƙƙiyar fuska da kan yatsu, ana zagayawa a hankali ba tare da dannawa ba. Bayan rabin minti a ɗauraye. Ba ya kumfa, kuma ba zai cire kwalliya mai nauyi ko man kariya daga rana ba, amma ga wankin safe na mai busasshiyar fata ya wadatar. Don jiki kuma, mai bahon wanka zai zuba kofi ɗaya yayin da ruwa ke zuba, ya zauna a ciki minti 10 zuwa 15. Mai wanka da bokiti zai ƙulle babban cokali uku ko huɗu a siririn ƙyalle mai tsabta, ya tsoma a ruwan yana matsawa har farin ruwan ya fito, ya yi amfani da ƙullin a matsayin soso mai laushi, sannan ya watsa ruwan a ƙarshe. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, domin ruwan zafi yana narkar da maiƙon fata ya ƙara ƙaiƙayin da ake gudu. Bayan an fito a dadanna jiki da tawul maimakon gogewa, a shafa mai tun fatar tana da laima.

Zuma da yogot

Zuma tana jawo danshi ta riƙe shi, kuma tsaminta, wanda yake wajen 4 a ma'aunin pH, bai yi nisa da na fata ba. Ruwan da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa a cikinta cikin sauƙi. Yogot kuma yana da asid ɗin madara, wanda ke sassauta matacciyar fatar sama, sai dai adadinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na mayukan kamfani, kuma wannan ƙarancin ne ya sa yake da sauƙin sha'ani.

A haɗa babban cokali ɗaya na yogot marar sukari da ƙamshi, da cokalin shayi ɗaya na zuma, da cokalin shayi ɗaya na garin ots. A juya, a bar shi minti biyu ya kama jikinsa don kada ya riƙa zuba daga haɓa. A shafa a wankakkiyar fuska, a kauce wa kewayen ido, a bar shi minti 10 zuwa 15, sannan a jiƙa hannu a sassauta shi kafin a ɗauraye. Kada a bari ya bushe ƙamas har fata ta ɗaure, domin daga wannan lokacin ya fara janye ruwa daga fatar ne. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Abin da za a gani shi ne laushi da ɗan sheƙi na yini ɗaya ko biyu, kuma wannan shi ne gaskiyar abin da haɗin ke bayarwa. Wani abin lura shi ne, zumar da asibitoci ke sawa a miki an tace ta an kashe ƙwayoyin cutar cikinta ta hanya ta musamman, don haka ba a ɗauko ta kicin a zuba a buɗaɗɗen rauni ko ƙuna mai zurfi.

Wane mai ne na jiki

Mai ba ya ba fata ruwa, rufe ruwan da ke cikinta yake yi. Wanda ya shafa mai a busasshiyar fata zai sami ƙyalli a sama alhali gautsin yana nan a ƙasa. Lokacin shafa shi ne 'yan mintoci bayan wanka, kuma cokalin shayi ɗaya ko biyu ya isa jiki duka idan an murza shi a tafin hannu tukuna.

Man zaitun ya yi suna, amma ba shi ne ya fi dacewa da kowace fata ba. A wani bincike da masana na Jami'ar Sheffield ta Ingila suka wallafa a 2013, an sa manya sun riƙa shafa man zaitun a hannu na tsawon makonni huɗu, sai aka tarar ya raunana katangar fatar har ya jawo ɗan ja, alhali man sanfulawa, wato man da ake tatsa daga 'ya'yan furen sanfulawa, bai yi hakan ba, ya ma ƙara wa fatar danshi. Dalili shi ne mafi yawan man zaitun asid ɗin oleyik ne, wanda ke kutsawa tsakanin maiƙon fata ya sassauta shi, shi kuwa man sanfulawa na yau da kullum ya fi yawan asid ɗin linoleyik, wanda fata ke amfani da shi wajen gina katangarta. Mai lafiyayyar fata zai iya shafa man zaitun jefi-jefi ba tare da ya ga wata illa ba, amma mai saurin ƙaiƙayi ko kircin fata gara ya koma ga sanfulawa. Man kwakwa yana da kyau ga ƙafa, gwiwa da hannu, sai dai yana toshe ƙofofin fata ga mutane da yawa, don haka mai ƙurajen fuska, ƙirji ko baya ya nisanta shi daga waɗannan wurare. Man da aka riga aka yi suya da shi ba ya hawa fata ko kaɗan. Kuma babu man girkin da ke maye gurbin man kariya daga rana.

Daga mai da sukari ake haɗa abin goge jiki. A zuba babban cokali huɗu na sukari mai ƙananan ƙwayoyi da babban cokali biyu na mai, a juya har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, wanda in an ɗebo shi da cokali yake tsayawa ba ya malala. A jiƙa jiki, a murza a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ƙauri da diddige na kamar minti ɗaya, a bar ruwa ya narkar da sukarin. Sukari ya fi gishiri a nan saboda yana narkewa da wuri kuma ba ya raɗaɗi a ɗan ƙarcen da ba a lura da shi ba. Sau ɗaya a mako ya isa, domin fata da kanta tana sabunta samanta cikin kimanin makonni huɗu, taimako kaɗan take buƙata. Ba a yin sa a fuska, ko a kan ƙuraje, ko a wurin da aka aske a ranar. A kuma wanke ƙasan banɗaki da sabulu nan take, saboda man da ya zuba yana sa santsin da ke kayar da wanda zai shiga a baya.

Ga faso da kaushin diddige, a jiƙa ƙafa minti 10 a ruwan ɗumi, a goge a hankali da dutsen goge ƙafa, a shafa man kwakwa da kauri, a sa safar auduga a kwana da ita. Mai ciwon sukari kada ya yi wannan sai da shawarar likita, domin ƙaramin rauni a ƙafarsa yana iya zama babba ba tare da ya ji zafinsa ba.

Abubuwan da ya kamata a bar su a girki

Lemun tsami ne kan gaba, kuma shi ne aka fi yabawa a haɗe-haɗen hasken fata. Ruwansa yana wajen 2 a ma'aunin pH, wato ya fi fata tsami kusan sau dubu. Wannan kaɗai ya isa ya ƙona saman fata, amma akwai abin da ya fi shi muni. Lemun tsami, musamman ɓawonsa, yana da sinadaran da in suka zauna a fata hasken rana ya same su, sai su haddasa ƙuna bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa. Idan wurin ya warke yakan bar baƙin tabo mai siffar yadda ruwan ya gangara ko yadda yatsu suka shafa, kuma tabon yana iya ɗaukar watanni kafin ya dushe. Fata mai duhu ta fi saurin mayar da kowane irin rauni tabo, saboda ƙwayoyin da ke samar da launi suna ƙara aiki a duk inda aka sami kumburi. Ke nan mai neman goge tabo da lemun tsami yana kan hanyar ƙara wani ne.

Bekin soda yana ɗaya ɓangaren ma'aunin, a sama da 8. Yana kwashe maiƙon fata ya rushe tsaminta na halitta, a gashi kuma yana sa sili ya kumbura ya yi kaushi. Tsabtar da ake ji bayan an yi amfani da shi, wadda fata ke yin ƙaras, alama ce ta an wanke abin da bai kamata a wanke ba. Haɗa shi da lemun tsami ko khal ba ya gyara komai, kumfar da ke tashi iska ce kawai da ke fita yayin da ɗaya ke kashe ƙarfin ɗaya.

Ɗanyar tafarnuwa da aka daka aka ɗaure a kan ƙurji tana ƙona fata cikin sa'o'i kaɗan, kuma likitoci sun sha ganin irin wannan ƙuna. Kirfa tana sa raɗaɗi da kumburi, kumburin da wasu ke ɗauka cikar leɓe ce. Man goge baki an yi shi ne don haƙori, a kan ƙurji sai ya busar da wurin ya bar tabo. Shi kuwa kurkum yana da sauƙi a kan waɗannan, ana iya sa ɗan abin da bai wuce kwatan cokalin shayi ba a haɗin yogot, amma a san cewa yana rina fata, farce da tawul, kuma hasken da ake gani bayan an wanke yawanci rinin ne. Idan ya kama fata, auduga da ɗan mai ta fi sabulu cire shi, saboda launinsa a mai yake narkewa.

Gashi

Silin gashin da ya fito daga fatar kai ba shi da rai, don haka ba ya cin abinci kuma ba ya warkewa. Yana tsirowa kimanin santimita ɗaya a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana abu ne na al'ada. Mafi yawan masu kukan gashinsu ba ya tsawo, yana tsirowa ne daga tushe yana karyewa daga baki. Saboda haka duk aikin gida a kan gashi ya koma ga abu ɗaya, wato kare tsawon da aka riga aka samu. Wannan ya fi shafar gashi mai murɗe-murɗe, domin maiƙon fatar kai ba ya iya gangarowa ta lanƙwasoshinsa har zuwa baki, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni.

A nan man kwakwa ya yi fice. Kusan rabinsa asid ɗin lorik ne, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne miƙaƙƙu, suna iya shiga cikin silin gashi maimakon su tsaya a bayansa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gwada shi da man sanfulawa da man da ake tacewa daga fetur, aka ga shi kaɗai ne ya rage asarar furotin daga gashi yayin wanki. Gashi yana shan ruwa ya kumbura idan an wanke shi, ya motse idan ya bushe, kuma wannan kai-komo yana gajiyar da shi. Man da ya riga ya shiga ciki yana rage yawan ruwan da zai sha. Shi ya sa lokacin da ya fi amfani shi ne kafin wanki.

A raba gashi gida huɗu ko fiye. A ɗebi babban cokali ɗaya zuwa biyu gwargwadon yawan gashin, a murza a tafin hannu, zai narke da kansa tunda yana narkewa ne a wajen digiri 24. A fara shafawa daga bakin gashi a yi sama, ana warware sarƙewa da yatsu, a tsaya kafin a kai fatar kai. A rufe da hular leda na aƙalla rabin awa, ko a kwana da shi a shimfiɗa tsohon tawul a kan matashi. Wajen wanki, a sa shamfu a fatar kai a bar kumfar ta gangara, sannan a taje da mataji mai faɗin haƙora daga baki zuwa tushe. Wasu gashinsu yakan yi tauri da man kwakwa, musamman lokacin sanyi da man ke daskarewa. Wanda ya ga haka sai ya gauraya shi rabi da rabi da man zaitun, wanda a kan silin gashi ba shi da matsalar da yake da ita a kan fata.

Ruwan khal yana da amfani ga wanda yake wanke kai da sabulu, ko yake amfani da ruwa mai yawan ma'adinai, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Irin wannan ruwa yana barin farin datti a gashi ya dusashe shi, tsamin khal kuma yana narkar da dattin ya kwantar da ɓawon silin. Khal na girki yana da kimanin kashi 5 cikin ɗari na asid, kuma bai kamata ya taɓa kai haka tsantsa ba. A zuba babban cokali ɗaya a kofin ruwa cikakke, a kwarara a kai bayan shamfu ana karkata kai baya don kada ya shiga ido, a jira minti ɗaya ko biyu, a ɗauraye. Warin yana tafiya idan gashi ya bushe. Sau ɗaya a mako biyu ya wadatar, kuma a dakata idan akwai ƙarce ko ƙuraje a fatar kai, ko an sa man sassauta gashi kwanan nan.

Nunanniyar fiya rabi, da babban cokali ɗaya na zuma, da babban cokali ɗaya na mai suna ba gashi laushi na 'yan kwanaki idan an bar su minti 20 a ƙarƙashin hular leda. Mai son sa ayaba dole ya niƙa ta a bilenda ya kuma tace ta da rariya, domin ayabar da aka murƙushe da cokali tana barin ƙananan gutsattsari da ke manne a gashi su bushe, a yi ta tsince su kwana da kwanaki. Ƙwai kuwa sunansa ya fi aikinsa. Furotin ɗinsa ya yi girman da ba zai shiga sili ba, rufi kawai yake yi wanda wanki na gaba zai ɗauke. Wanda ya nace sai ya yi amfani da gwaiduwa kaɗai, ya ɗauraye da ruwan sanyi, ya nisanci ruwan zafi da na'urar busar da gashi, tunda ƙwai yana fara daskarewa daga wajen digiri 60, ya kuma wanke hannu da kwano sosai saboda ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela.

Ruwan shinkafa ya shahara ne ta dalilin matan ƙabilar Yao na ƙauyen Huangluo a kudancin ƙasar Sin, masu gashi har ƙasa, ko da yake ana yawan mantawa cewa matan nan kusan ba sa yanke gashinsu tsawon rayuwa. Abin da ruwan ke yi shi ne ya lulluɓe sili da sitaci, ya sa shi santsi da ɗan kauri. A ɗauraye rabin kofin shinkafa, a jiƙa ta a kofi biyu na ruwa na rabin awa, a tace, a zuba a kai bayan shamfu, a wanke bayan minti 10. Yawaita shi yana sa gashi ya sandare ya riƙa karyewa, don haka sau biyu a wata ya isa.

Game da amosanin kai, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka bushewa ce a yi ta lafta mai. Amosani yana da alaƙa da wani nau'in yis mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kan kowa yana cin maiƙo, kuma man zaitun yana cikin abin da masana ke ciyar da shi a ɗakin gwaji idan suna son ya yaɗu. Mai amosani ya tsayar da mai a kan silin gashi kawai, ya yawaita wanke kai, ya kuma nemi shamfu mai ketokonazol ko seleniyam a kantin magani. Ruwan albasa ma ana yawan ambatonsa wajen tsiro da gashi. Asalin maganar wani ƙaramin bincike ne da aka yi a Iraƙi aka wallafa a 2002, kuma a kan cuta guda aka yi shi, wadda gashi ke zubewa ya bar fili zagayayye kamar tsabar kuɗi. Bai shafi sanƙo na gado ko gashin goshi da ɗaurin kai mai tsanani ya cinye ba.

Ajiya, jarirai, da lokacin dainawa

Haɗin da ba ruwa a cikinsa, kamar sukari da mai, yana iya yin wata guda a kwalba mai murfi nesa da rana da zafi, da sharaɗin a riƙa ɗiba da busasshen cokali a wajen banɗaki, domin jiƙaƙƙen yatsa ɗaya ya isa ya shigar da ruwan da funfuna za ta tsiro a kai. A rubuta ranar haɗawa a jikin kwalbar. Idan dole sai an ajiye ruwan shinkafa ko ruwan khal da aka surka, kada su wuce kwana biyu a firji. Duk abin da warinsa ya juya ko launinsa ya sauya, a zubar.

Fatar jariri ta fi ta babba siriri, kuma ba wurin gwada haɗe-haɗe ba ce. Wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2003 ya gano alaƙa tsakanin shafa wa jarirai masu kircin fata mayuka masu man gyaɗa da kamuwarsu da rashin jituwa da gyaɗa daga baya, abin da ke nuna jiki yana iya fara ƙin abinci idan ya fara haɗuwa da shi ta tsagaggiyar fata. Zuma kuma ba ta zuwa kusa da bakin yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ko da a leɓe ne, saboda haɗarin botulizim, wata cuta mai shanye jiki.

Idan haɗi ya fara raɗaɗi a fata, ba alamar yana aiki ba ce. A wanke nan take da ruwa mai yawa marar zafi na 'yan mintoci, kada a sa sabulu mai ƙarfi, kada kuma a ɗora wani haɗin don a kashe na farko. A shafa man jeli marar ƙamshi, a kare wurin daga rana, a bar fatar ta huta mako guda ba gogewa ba gwaji. Idan ƙuraje masu ruwa suka fito, ko wurin ya fara fitar da mugunya, ko bai lafa ba bayan kwana uku, a ga likita a kuma gaya masa ainihin abin da aka shafa da tsawon lokacin da ya yi a jiki. Kumburin leɓe, harshe ko fatar ido, ko wahalar numfashi, lamari ne na gaggawa da ake tafiya asibiti a kansa a wannan lokacin.